Daga Ma'aikatan Taimako zuwa Ƴan Kwantiragi: Tarihin Aikin Wucin Gadi a Afirka ta Yamma Renon Faransa

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa ana bambanta aikin dindindin da aikin wucin gadi. Mai aikin dindindin yana da takardar ɗauka aiki, albashinsa na zuwa ƙarshen kowane wata, yana da hutun shekara, idan ya tsufa yana da fansho, kuma ba a sallamarsa sai da dalili. Mai aikin wucin gadi kuwa, ko da ya shekara goma a wuri ɗaya yana yin irin aikin da wancan ke yi, ba shi da tabbacin gobe. Wannan bambanci yana da tarihi. Dokoki ne suka shata iyakar da ke tsakanin mutanen biyu, gwagwarmayar ma'aikata ta matsar da ita, daga baya kuma canjin tattalin arziki ya sake mayar da ita baya.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan iyaka a ƙasashe takwas da Faransa ta haɗa ƙarƙashin gwamna janar guda mai zama a Dakar, wato ƙasashen da a yau ake kira Senegal da Mali da Gini da Kodebuwa da Benin da Burkina Faso da Muritaniya da Nijar. An ɗauki ma'aikatan jirgin ƙasa a matsayin babban misali, domin yajin aikinsu na 1947 zuwa 1948 shi ne mafi tsawo a tarihin yankin a zamanin mulkin mallaka, kuma batun ma'aikatan wucin gadi ne tushensa. Daga nan maƙalar za ta duba dokar aiki ta 1952, da yadda ta shafi Nijar, da kuma yadda aikin kwantiragi ya yawaita tun daga shekarun 1990.

2.0 Zamanin Aikin Tilas

Kafin a kai ga maganar albashi ko fansho, sai da aka fara fama da batun ko talaka yana da ikon ƙin aikin da bai so. Dokar kuɗi ta Faransa ta 1900 ta ɗora wa kowace ƙasar mallaka nauyin ɗaukar ɗawainiyar kanta. Gwamnonin suna buƙatar hanyoyi da gadoji da tashoshin jiragen ruwa da gine-ginen bariki, ga shi kuɗin haraji ba ya isa a biya leburori. Sai suka koma ga ƙarfin mulki.

Aikin tilas ya kasu gida uku. Na farko shi ne kwanakin aiki kyauta da aka wajabta wa kowane namiji baligi a shekara, galibi na gyaran hanya. Na biyu ya samo asali daga ɗibar soja: tun daga 1926, samarin da aka tantance lafiyarsu amma ba a sa musu kaki ba, akan tura su manyan ayyukan gwamnati, kamar ginin madatsar ruwa ta Markala a kan kogin Kwara, wadda aka fara a 1934 aka gama a 1947. Na uku shi ne tara wa ƴan kasuwar Faransa ma'aikata ta hannun sarakuna, musamman Mosawa da ake kwasa zuwa gonakin koko da kofi da wuraren saran katako na Kodebuwa. Abin da ya ɗaure wa wannan tsari gindi shi ne dokar da ta bai wa kumandan ikon ɗaure mutum na kwanaki ko cin tararsa ba tare da an je gaban alƙali ba.

A Nijar da irin wannan aiki aka shimfiɗa yawancin hanyoyin mota na farko, aka kuma yi gine-ginen Yamai bayan an dawo da babban birni daga Damagaram a 1926. Talakawa da yawa na kudancin ƙasar sun guje wa aikin tilas da haraji ta hanyar tsallakawa ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato. Can ma ba a tsira gaba ɗaya ba, domin tsakanin 1942 da 1944 Ingila ta ɗebi dubban mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, abin da Hausawa suka laƙaba wa suna "ɗiban gwamna".

A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 29 wadda ta nemi a kawar da aikin tilas. Faransa ba ta amince da ita ba sai a 1937, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya sake tsananta ɗibar mutane. Taron Brazzaville na 1944 ya ba da wa'adin shekara biyar a daina. Wakilan Afirka da suka shiga majalisar Paris ba su jira ba. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka kafa dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, wadda ta haramta aikin tilas a ƙasashen mallaka. Ranar 7 ga Mayu na wannan shekara dokar Lamine Guèye na Senegal ta mayar da mutanen waɗannan ƙasashe ƴan ƙasa a idon dokar Faransa. Wannan doka ta biyu ta bai wa ma'aikata hujja mai ƙarfi: idan Bafaranshe da Ba'afirke duk ƴan ƙasa ɗaya ne, da wane dalili za a biya su daban a kan aiki ɗaya?

3.0 Layin Dogo da Rabe-raben Ma'aikata

Yankin yana da manyan layukan dogo huɗu, kowanne ya taso daga bakin teku ya nufi kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Niger. Akwai na Dakar zuwa Bamako da Kulikoro, mai tsawon kusan kilomita 1,290, wanda aka gama haɗawa a farkon shekarun 1920. Akwai na Konakiri da ya isa Kankan a 1914, da na Abijan da ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, da kuma na Kwatano da ya tsaya a Parakou. Duk da kalmar Niger da ke cikin sunayensu, babu wanda ya shiga ƙasar Nijar a cikinsu. Da su ake fitar da gyaɗa da koko da kofi da ayaba da manja zuwa tashoshin jiragen ruwa. Babban garejin gyaran injuna yana garin Thiès na Senegal, inda dubban ma'aikata ke zaune unguwa ɗaya.

Hukumar jirgin ƙasa ta raba ma'aikatanta sahu-sahu. Sahun sama na Turawa ne, masu albashi irin na Faransa, da ƙarin kuɗin zaman ƙasar waje, da gida, da hutu zuwa Turai. Ƙasa da su akwai sahun Afirkawa masu takardar dindindin. Ƙasa da kowa kuma akwai waɗanda Faransanci ke kira auxiliaires, wato ma'aikatan taimako. A 1946 Turawa ba su kai 500 ba, Afirkawa masu sahu ba su kai 2,000 ba, ma'aikatan taimako kuwa sun haura 15,000.

Sunan "ma'aikacin taimako" yana iya ruɗar mai karatu, ya zaci ƙaramin lebura ne mai zuwa yau ya tafi gobe. A cikinsu akwai maƙera da kafintoci da masu walda da masu zuba gawayi a inji, wasu sun shekara goma ko ashirin suna aiki. Ana lissafa kuɗinsu a kan kwanakin da suka yi, ba su da haƙƙin gida, kuma ana iya sallamarsu cikin sauƙi. Hukumar tana cin riba biyu: tana samun ƙwararrun hannaye da araha, tana kuma hana ma'aikata haɗa kai, tunda buƙatar mai sahu ta sha bamban da ta wanda ba shi da sahu.

An ga illar wannan rarrabuwa a Thiès a watan Satumba 1938. Ma'aikatan taimako sun shiga yajin aiki bayan an yi wa jagoransu Cheikh Diack canjin wurin aiki domin a raba shi da su. Ƙungiyar masu sahu ba ta mara musu baya ba. Ranar 27 ga wata sojoji suka buɗe wuta, mutum shida suka mutu, da dama suka ji rauni. Abin ya jawo wa gwamna janar Marcel de Coppet rasa kujerarsa, amma matsayin ma'aikacin taimako bai canza ba.

4.0 Yajin Aikin 1947 zuwa 1948

Wata doka ta watan Agusta 1944 ta halatta wa Afirkawa kafa ƙungiyoyin ƙwadago. A Janairu 1946 ma'aikatan Dakar, daga akawu har ɗan dakon tashar jirgin ruwa, suka yi yajin gama-gari na kusan mako biyu, suka sami ƙarin albashi. Ma'aikatan jirgin ƙasa ba su shiga ba, saboda shugabansu François Gning yana ɗasawa da ƴan siyasar da ke kusa da gwamnati. Wannan ya fusata matasa da ma'aikatan taimako. A cikin wannan shekara suka tsige shi suka naɗa Ibrahima Sarr, wani matashin akawu, wanda ya buɗe ƙofar ƙungiyar ga ma'aikatan taimako, ya kuma zagaya sauran layukan uku har aka sami tarayya ɗaya.

Buƙatarsu guda ce: sahu ɗaya ga kowa, Bature da baƙar fata, tare da shigar da ma'aikatan taimako na dindindin cikinsa. A watan Afrilu 1947, daidai lokacin da shugaban Faransa Vincent Auriol ke ziyara a Dakar, suka tsayar da jirage na kwana uku. Don gudun kunya gwamnati ta sa hannu a kan yarjejeniyar da ta amince da sahu ɗaya. Sai dai tun farkon wannan shekara an mayar da jirgin ƙasa hukuma mai cin gashin kanta, wadda dole ta daidaita kuɗin shiga da na fita, kuma wakilan manyan kamfanonin kasuwanci suna da kujeru a majalisar gudanarwarta. Majalisar ta ƙi amincewa da sharuɗɗan da aka tsara. Saɓanin ya tsaya a kan abubuwa na zahiri: waɗanne ma'aikatan taimako za a shigar, daga wace rana sabon tsari zai fara aiki, wa ke da haƙƙin gida, nawa ne alawus na tsadar rayuwa, da kuma jarrabawar da aka gindaya kafin ƙarin girma, wadda ma'aikata ke gani shinge ce aka yi wa Afirkawa.

Ranar 10 ga Oktoba 1947 kusan ma'aikata 20,000 na layuka huɗu da na wasu tashoshin ruwa suka ajiye aiki. Mai sasanci ya yanke hukunci, ƙungiyar ta ƙi karɓa, gwamnati ta ce yajin ya saɓa doka. An yanke wa Sarr hukuncin ɗauri, amma ba a kai shi kurkuku ba. Hukuma ta ɗauko wasu ma'aikata daga Faransa, ta kuma ɗauki sababbin hannaye, sai dai jiragen da ta iya motsawa kaɗan ne. Gwamnati ba ta maimaita abin da ya faru a 1938 ba. Ta zaɓi ta jira yunwa ta karya yajin.

Abin da ya ba masu mulki mamaki shi ne yadda mutanen suka jure wata biyar ba albashi. Dalili kuwa shi ne ma'aikacin jirgin ƙasa bai yanke hulɗa da ƙauyensu ba. An fara yajin ne lokacin kaka, wasu suka koma gona, wasu kamun kifi. Dangi sun aiko da hatsi, ƴan kasuwa sun ba da bashi, mata sun riƙe gidaje da ƙananan sana'o'i, sun kuma hana mazajensu karaya. A Thiès ana taruwa kullum a ji halin da ake ciki. Wannan rayuwa ce marubuci Ousmane Sembène ya gina littafinsa Les Bouts de bois de Dieu a kanta a 1960, ko da yake ƙagaggen labari ne, ba kundin tarihi ba.

Haɗin kan bai zama cikakke ba. Ma'aikatan layin Abijan sun koma aiki a Janairu 1948, lokacin da koko da kofi ke jibge suna jiran jirgi, ƴan siyasar ƙasar kuma, waɗanda da yawansu manoman koko ne, suna matsa musu lamba. Sauran layuka uku sun ci gaba. Sabon babban kwamishina Paul Béchard ya iso Dakar a farkon 1948, ya gabatar da shawarwarin sulhu, aka koma aiki ranar 19 ga Maris 1948, bayan kimanin kwana 160.

Ma'aikata sun sami sahu ɗaya, an shigar da ma'aikatan taimako da yawa cikinsa a shekarun da suka biyo baya, kuma ba a hukunta kowa don ya yi yaji ba. A ɗaya ɓangaren ba a biya su kwanakin yajin ba, hukuma ta riƙe wasu daga cikin sababbin da ta ɗauka, ta kuma rage yawan ma'aikata gaba ɗaya. Wato an kyautata wa waɗanda suka shiga ciki, amma an ƙuntata ƙofar shiga. Wannan ciniki zai sake bayyana sau da yawa a tarihin da ya biyo baya.

5.0 Dokar Aiki ta 1952

Yajin ya nuna wa Faransa cewa ba za a ci gaba da tafiyar da ma'aikatan Afirka da umarnin gwamnoni ba. Duk da haka daftarin dokar aiki ya shekara biyar yana yawo tsakanin majalisun Paris, saboda adawar masu kamfanoni. Ƙungiyoyin ƙwadago suka haɗu a Dakar a Oktoba 1952, suka kira yajin gama-gari na kwana ɗaya a duk yankin ranar 3 ga Nuwamba. Cikin wannan wata majalisa ta zartar da dokar, aka kuma ƙaddamar da ita ranar 15 ga Disamba 1952.

Dokar ta sake haramta aikin tilas. Ta ce idan aiki ɗaya ne, ƙwarewa ɗaya, to albashi ɗaya ne, ba tare da duba asali ko jinsi ba. Ta tsayar da awa 40 a mako, ta ba da hutun shekara mai albashi, da ƴancin kafa ƙungiya da na yajin aiki, da mafi ƙarancin albashi. Ta ƙarfafa ofishin sufetocin aiki, ta kafa kotunan sauraron ƙarar ma'aikata.

Aiwatar da ita ma sai da aka yi faɗa. Ana biyan ƙaramin ma'aikaci ne a kan awa. Da aka rage mako daga awa 48 zuwa 40 ba tare da ƙara kuɗin awa ba, sai abin da yake kaiwa gida ya ragu. Lissafi ya nuna sai an ƙara kashi 20 cikin 100 kafin ya koma inda yake. A kan wannan aka yi yaje-yajen 1953. Mafi tsanani shi ne na Gini, wanda ya haura wata biyu ƙarƙashin jagorancin Sékou Touré, aka kuma sami ƙarin. A 1956 aka faɗaɗa alawus na iyali ga ma'aikatan kamfanoni.

Amma dokar tana da iyaka tun daga sashenta na farko. Ta fassara ma'aikaci da cewa shi ne wanda ke aiki don lada a ƙarƙashin ikon wani. A aikace wannan ya tsaya ga masu albashi na gwamnati da kamfanoni, waɗanda ƴan tsiraru ne a cikin jama'a. Manomi da makiyayi da ɗan cin rani da ɗan dako da yaron shago da ƴar aikin gida, kusan dukkansu sun kasance a waje. A shekarun 1970 masanin Ingila Keith Hart, wanda ya yi bincike a unguwar Nima ta birnin Akra, ya yaɗa sunan da ake kiran wannan babban fage da shi har yau, wato tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma.

6.0 Nijar: Ƙungiyar Ƙwadago da Ƙananan Mutane

Da yake Nijar ba ta da layin dogo, ba ta shiga yajin 1947 kai tsaye ba, ko da yake kayan da ke biyo Kwatano da Parakou sun shafe ta. Masu albashinta kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan gidan waya da na ayyukan gini. Saboda haka Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta wanda ya jagoranci ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa a farkon shekarun 1950, ya nemi magoya baya a wajen ofisoshi: masu aikin lambu, da kukun Turawa da boyi-boyi, da direbobi da yaran mota, da leburori. Yaje-yajen 1953 sun ɗaga sunansa. Waɗannan ƙananan mutane na birane su ne suka zama ƙashin bayan jam'iyyar da ta shahara da suna na Hausa, Sawaba, kalmar da ke nufin sauƙi bayan wahala. Bakary ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnatin cikin gida a 1957, ya faɗi bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta jam'iyyarsa a 1959.

Bayan ƴancin kai a 1960 Nijar, kamar maƙwabtanta, ta gina dokar aikinta a kan ta 1952. An kafa asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNSS, a 1965. Gwamnatocin jam'iyya ɗaya sun jawo ƙungiyoyin ƙwadago jikinsu, suna cewa yanzu lokacin gina ƙasa ne, kuma mai albashi ya riga ya fi manomi gata. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 ya ba gwamnati damar ɗaukar ma'aikata da yawa, har ɗalibi ya saba da cewa takardar shaidar kammala karatu ita ce takardar ɗauka aiki.

7.0 Dawowar Aikin Wucin Gadi

A shekarun 1980 farashin yuraniyom da na gyaɗa da na koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasashen katutu. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu: a rage kuɗin albashi, a dakatar da ɗaukar ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a sassauta dokokin aiki. Hujjarsu ita ce dokokin da aka gada daga 1952 sun sa ɗaukar ma'aikaci ya yi tsada, sallamarsa ta yi wuya, don haka masu jari ke gudu, kuma kariyar ƴan tsiraru ce kawai ake yi da kuɗin kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun amsa da cewa albashi ɗaya yana ciyar da gida mai mutum goma ko fiye, kuma rage haƙƙin mai albashi bai ƙara wa manomi komai ba. A Nijar tarayyar USTN ta haɗa kai da ɗalibai bayan harbin da aka yi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, yaje-yajenta suka taimaka wajen kiran Taron Ƙasa na 1991.

Hakan bai dakatar da canjin ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya zube a dare ɗaya. A ƙarshen wannan shekara Senegal ta soke sharaɗin neman izinin sufeton aiki kafin kamfani ya rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki. A 1995 ta fara ɗaukar malaman sa-kai a kan sefa 50,000 a wata. Nijar ta bi sahu a 1998, daga baya aka koma kiransu ƴan kwantiragi. Abin da ake biyansu bai kai rabin albashin malamin dindindin ba. Tsarin ya ba da damar buɗe dubban ajujuwa a karkara, yawan yaran da ke shiga makaranta ya ƙaru sosai. Amma kafin ƙarshen shekarun 2000 ƴan kwantiragi sun zama mafi rinjaye a makarantun firamare na Nijar, suna koyar da darasi ɗaya da na masu aikin dindindin, a makaranta ɗaya, tare da jinkirin biya da yawan yajin aiki. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawar tantancewa wadda ƙungiyoyinsu suka yi adawa da ita, aka soke kwantiragin dubbai.

Shi kansa layin Dakar zuwa Bamako bai tsira ba. An raba shi gida biyu bayan rushewar tarayyar Mali da Senegal a 1960. A Oktoba 2003 ƙasashen biyu suka miƙa shi ga kamfanin Transrail na tsawon shekara 25. An sallami ɗaruruwan ma'aikata a kowace ƙasa, an rufe mafi yawan ƙananan tashoshi a ɓangaren Mali, aka fifita ɗaukar kaya a kan fasinja. Matan da ke sayar da abinci a tashoshi da ƴan dako, waɗanda babu sunansu a kowace takardar albashi, sun rasa abin yi ba tare da diyya ba. An soke yarjejeniyar a ƙarshen 2015, kuma a 2018 jirgi ya daina zirga-zirga tsakanin biranen biyu.

A ɓangaren doka an ci gaba da gyare-gyare. Nijar ta yi sabuwar dokar aiki a 1996, ta sake wata a 2012, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Sai dai ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2018 ta nuna kusan kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Afirka suna wajen rajistar hukuma. Tun a 2015 ƙungiyar ta fitar da shawara mai lamba 204, wadda ta nemi ƙasashe su miƙa kariyar doka ga wannan rukuni.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna matakai uku. A mataki na farko, wanda ya ƙare a 1946, an yi fafutukar raba aiki da tilas. A na biyu, daga 1946 zuwa 1956, an yi fafutukar daidaita lada da shigar da ma'aikatan taimako cikin sahu. A na uku, daga shekarun 1980, matsin kuɗi ya sa gwamnatoci da kamfanoni suka sake buɗe sahu na ƙasa, da sabon suna.

Abubuwa uku ne suka fito fili. Na ɗaya, kiran aiki da sunan wucin gadi sau da yawa hanya ce ta rage farashinsa, ko da aikin kansa na dindindin ne. Mai walda na Thiès a 1947 da malamin kwantiragi na Maraɗi sun yi tarayya a nan. Na biyu, ma'aikata sun yi nasara ne a lokacin da masu sahu suka ɗauki buƙatar marasa sahu a matsayin tasu: a 1938 sun rabu aka harbe su, a 1947 sun haɗu aka saurare su. Na uku, nasarar 1948 da ta 1952 ta dogara ga taimakon manoma da mata da ƴan kasuwa, waɗanda dokar da aka samu ba ta ambace su ba. Har yanzu su ne mafi yawan masu aiki a waɗannan ƙasashe. Tambayar da Ibrahima Sarr da abokansa suka gabatar a 1947, wato wa za a shigar cikin sahu kuma daga yaushe, ita ce ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnatocin yankin ke tattaunawa a kanta har yau.